Filin Tambaya da Amsa: Naɗar Sauti da Bidiyo ta Cikin Risibar Hom Tiyata

Wasiƙun wannan wata kusan duk kan magana ɗaya suka taru. Mutum yana da risiba a falo, wato akwatin nan da dikoda da na'urar DVD da dek ɗin kaset suke shiga cikinsa, shi kuma ya raba sauti ga lasifika biyar ko bakwai, ya tura hoto zuwa talabijin, sai ya so ya naɗi abin da yake ji ko yake gani. Akwai ƙa'ida guda da za ta sauƙaƙa fahimtar duk amsoshin: abin da ya shiga risiba ta wayoyin nan ja da fari da rawaya, wato analog, tana iya miƙa shi ga na'urar naɗi. Abin da ya shiga ta HDMI ko ta wayar haske, wato dijital, yawancin risibobi riƙe shi suke yi, su kunna maka kawai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana kwali cike da kasusuwan tafsiri da wa'azi. Na sayi dek da risiba tokumbo a kasuwar Alaba, na ja waya daga risibar zuwa ramin makirufo na laftof, amma muryar tana fitowa a fashe kamar ana yayyaga takarda. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ka ladan wannan aiki. Matsalar tana bakin laftof ɗin. Ramin makirufo an yi shi ne don sigina mai rauni ƙwarai, 'yan milibolt kaɗan, shi kuwa abin da ke fitowa daga dek ko risiba yana kusa da sulusin bolt, a wuraren da murya ta ɗaga har ya wuce haka. Ramin yana cika ya tumbatsa, sai saman sautin ya guntule. Ko ka rage ƙarfi a cikin kwamfuta ba zai gyaru ba, domin ɓarnar ta auku tun a bakin ƙofa. Ƙari a kan haka, ramin layi ɗaya yake ɗauka, ba dama da hagu ba.

Abin da kake buƙata shi ne katin sauti na USB mai ramukan shiga ja da fari, irin waɗanda ake kira RCA. Behringer UCA202 misali ne na irinsa, kuma ana samun ire-irensa a Computer Village da ke Ikeja ko wajen masu kayan kiɗa a Alaba. Ka kiyayi ɗan ƙaramin nan mai kama da filasha, mai rami biyu, kore da ruwan hoda. Wannan ramin makirufo ne aka sake kawo maka, ba abin da zai canja.

Ga haɗin. Daga bayan dek, inda aka rubuta LINE OUT ko PLAY, ka ja waya zuwa risiba. Daga risiba, inda aka rubuta REC OUT ko TAPE OUT, ka ja wata zuwa INPUT na katin. Ja ga ja, shi ne dama. Fari ga fari, shi ne hagu. A nan akwai tarkon da yake kama mutane da yawa: risiba ba ta cika tura abin da ya shigo ta TAPE IN zuwa TAPE OUT ɗinsa ba, an toshe hanyar da gangan don kada sauti ya riƙa zagayawa yana kuka. Saboda haka in mafitar naɗi ɗaya gare ka, ka sa dek ɗin a ramin CD ko AUX, ka zaɓe shi a gaban risibar. Kada ka sa shi a PHONO, wannan na garmaho ne kawai, yana ƙara ƙarfi sosai kuma yana sauya launin sauti.

Ƙarfin REC OUT a tsaye yake. Murɗa bolum ko bas ko tirebul ba ya taɓa abin da ake naɗa, don haka kana iya rage lasifika cikin dare ka ci gaba da aiki. A ra'ayinmu ma, in kaset kaɗai za ka kwafa, ka haɗa dek kai tsaye da katin, sannan ka mayar da OUTPUT na katin zuwa risiba don saurare. Risiba ba ta ƙara wa kaset kyau, mahaɗa ce kawai ta ƙaru a hanya. Amfaninta yana bayyana ne in kana juyawa tsakanin dek da rediyo da garmaho.

A kwamfuta ka sa manhajar Audacity, kyauta ce. Ka zaɓi katin a matsayin mashiga, ka sa 44,100 Hz da bit 16, ya wadatar da kaset. Ka nemo inda malamin ya fi ɗaga murya, ko inda mai jan baƙi ya ja aya da ƙarfi, ka daidaita yadda ma'aunin zai tsaya wajen -6 dB, kada ya taɓa sifili. Ka ajiye asalin a WAV: minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, kaset mai minti 90 ke nan wajen megabait 900. Na rabawa a WhatsApp sai ka fitar da MP3 a 128 kbps, kusan megabait ɗaya duk minti. Asalin ka ajiye shi wuri biyu.

Yanzu kasusuwan kansu, don nan ne aikin yake. Laimar Legas tana sa kaset fumfuna. Ka ɗaga kowanne ga haske. In ka ga farin gari-gari a gefen naɗin zaren, ka ware shi, kada ya shiga dek tukuna, zai toshe kan na'urar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zare, kuma ya shafa wa sauran. Waɗanda ke da lafiya ka tura su gaba har ƙarshe ka dawo da su baya sau ɗaya kafin kunnawa, zaren ya saki jiki. Ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset don kada a danna maɓallin naɗi bisa kuskure a goge karatun. Ka duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiyar bakin kaset. In ya faɗi, murya za ta dusashe, sai a manna wani daga tsohon kaset. Bayan kowane kaset biyu ko uku, ka goge kan na'urar da sandar ƙarfen da ke jan zare da 'yar tayar robar da ke matse shi, da auduga da sifirit irin na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka bari ya bushe.

In murya tana rawa ko tana jan jiki, bel ɗin dek ya saki. Zare yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, ɗan sauyi kaɗan kunne yana kama shi. A kai wa mai gyara ya canja. In kuma muryar a rufe take kamar ana magana a cikin bargo, ka fara duba maɓallin Dolby na dek, mai rage hucin kaset: ka kashe shi sai dai in kaset ɗin yana da alamarsa. In bai gyaru ba, kan na'urar bai dace da kwanciyar naɗin ba, abin da ya zama ruwan dare a kasusuwan da aka kwafa a kasuwa. Akwai ɗan sukuru a gefen kan. Ka yi masa alama da biro, ka murɗa shi kaɗan-kaɗan, ƙasa da rubu'in zagaye, kana sauraron harafin "s" har ya fito tas.

TAMBAYA: Tawa risibar sabuwa ce, na duba bayanta kaf babu REC OUT. Zan iya jawo waya daga inda lasifika suke? Daga wani mai karatu a Mile 12.

AMSA: A'a, Alhaji, kada ka gwada. Risiba mai wat 100 a kan lasifika mai om 8 tana fitar da kusan bolt 28, katin sauti kuwa abin da bai wuce bolt ɗaya ko biyu ba yake jira. Katin zai ƙone. Ita ma risibar tana cikin haɗari, domin a wasu ƙirar baƙin ramin lasifika ba ƙasa ba ne, wato earth ɗin masu wuta, wuta ce a kansa, in katin ya haɗe baƙaƙen biyu sai sashen ƙarfi ya tafi.

Sababbin risibobi da yawa sun daina zuwa da REC OUT, amma akwai mafita uku. Mafi kyau ita ce ZONE 2 OUT, mafitar da aka yi don tura sauti wani ɗaki: ka kunna Zone 2, ka zaɓa masa abin da kake so, ka sa ƙarfinsa a Fixed cikin saituna. A ƙira da yawa analog da rediyon cikin risibar kaɗai yake fitarwa, waɗanda suka fi tsada ne ke ɗaukar dijital, shi ma mai layi biyu. Ta biyu PRE OUT na gaba, dama da hagu, wato mafitar sauti kafin a ƙara masa ƙarfin lasifika. Ta uku ramin PHONES na gaba, da waya mai kai milimita 6.35 zuwa ja da fari. Wannan yana kashe lasifika. Biyun ƙarshe suna bin bolum, don haka da zarar ka daidaita kada kowa ya taɓa rimot.

TAMBAYA: Na sayi katin ɗaukar bidiyo na HDMI, na sa shi tsakanin risiba da talabijin don in naɗi wasan ƙwallo daga dikoda da kuma wasan gem da nake bugawa. Allon kwamfuta baƙi yake nunawa. Sau ɗaya da hoto ya fito kuma babu sauti. Katin ne jabu? Daga wani ɗalibi a Idi-Araba.

AMSA: Ɗan'uwa, da wuya laifin katin ne. Matsaloli biyu ne daban suka haɗu maka.

Baƙin allo aikin HDCP ne, wani makulli da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana kwafar abin da ke bi ta HDMI. Na'urar da ke bayar da hoto tana tambayar wadda ke karɓa ko tana da izini. Talabijin da risiba suna da shi, katin naɗi ba shi da shi, sai a hana shi hoton. Risibar ba ta cire makullin, yadda ya shigo haka take miƙa shi. Dikodojin biyan kuɗi da na'urorin Blu-ray da akwatunan kallon fim ta intanet galibi a kulle suke. Za ka ji ana tallar wasu akwatuna masu tsallake shi; ba ma ba da wannan shawara, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta hana tsallake irin wannan kariya. In don ka kalli wasan daga baya ne, dikoda mai rumbun ajiya a ciki, kamar DStv Explora, ita ce hanyar, tana naɗa da kanta.

Gem kuwa haƙƙinka ne, kuma akwai ƙofa. A PlayStation 4 da 5 ka shiga saituna, sashen System, ka kashe Enable HDCP. Manhajojin kallon fim za su ƙi buɗewa sai ka mayar da shi. PlayStation 3 ba ta da wannan zaɓi, sai ta wayoyin kamfonen, kore da shuɗi da ja. Kyamara da ke da mafitar HDMI ba ta sa makulli ko kaɗan.

Rashin sauti kuma saboda risiba tana ɗaukar sautin HDMI nata ne, ta ba lasifika, ta tura hoto tsirara gaba. A saituna akwai wurin da ake cewa HDMI Audio Out. A Denon da Marantz zaɓin AVR ne ko TV. In ka mayar da shi TV sauti zai bi waya, amma a ƙira da yawa lasifikanka za su yi shiru. Sannan yawancin katunan naɗi PCM, wato sautin dijital da ba a dunƙule ba, mai layi biyu kawai suke ganewa. In Dolby Digital ko DTS ya zo musu, ko shiru ko wata ƙara mai huda kunne.

Shi ya sa muke cewa ka cire katin daga bayan risiba ka mayar da shi gabanta: na'urar gem zuwa katin, mafitar katin zuwa risiba, risiba zuwa talabijin. In katinka ba shi da mafita, ka sa mai raba HDMI ɗaya zuwa biyu. Ka sa sautin na'urar gem a PCM mai layi biyu. Ka sani cewa na'urori suna sasantawa a kan wanda ya fi rauni a cikinsu, don haka lokacin naɗi falonka zai koma sitiriyo. Ƙananan katunan USB 2.0 masu arha kan karɓi babban hoto amma su naɗa a 1080p firam 30 kawai. Firam 60 yana son USB 3.0.

A manhajar OBS Studio ka zaɓi naɗi a MKV, daga baya ka juya shi MP4 daga cikin manhajar. Dalilin ya shafi Legas kai tsaye: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar naɗin MP4 na gargajiya, fayil ɗin gaba ɗaya yana iya ƙin buɗewa, MKV kuwa yana tsira har zuwa inda ya tsaya. A gudun 8 Mbps awa ɗaya tana cin gigabait 3.6, kuma filasha mai tsarin FAT32 ba ta riƙe fayil da ya kai gigabait 4, wato kafin wasa mai minti 90 ya ƙare ta tsaya. Ka mayar da ita exFAT ko NTFS.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina da kasusuwan bidiyo na bikina da na sunan yarana tun shekarun 1990. Ɗana ya samo na'urar bidiyo tokumbo ya haɗa ta risiba, amma hoton baƙi da fari yake fitowa yana birgima, murya kuma da sauri-sauri. Daga wata mai karatu a Obalende.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alamun nan suna nuna na'urar ta Amurka ce. Najeriya tana kan tsarin PAL, layi 625 da firam 25 a daƙiƙa, Amurka kuwa NTSC, layi 525 da kusan firam 30, kuma gudun zaren ma ya bambanta: kusan milimita 23 a daƙiƙa a PAL, 33 a NTSC. Na'urar NTSC ba za ta karanta kaset ɗinki daidai ba, ko ta wace hanya aka bi. Ɗanki ya nemi wadda ta zo daga Ingila ko Jamus, ko wadda aka rubuta Multi-System a gabanta. Ya kuma karanta bayan kowace na'ura kafin ya sa ta a soket: kayan Amurka bolt 120 suke ci, wutarmu 230 ce, ba tare da taransifoma mai rage wuta ba nan take za su ƙone.

Da an samu na'urar da ta dace, rawaya ita ce hoto, ja da fari sauti. Tsofaffin risibobi suna da VCR OUT ko DVR OUT mai waɗannan ramuka uku, suna miƙa abin da ya shigo ta rawaya. Amma a nan ma kai tsaye ya fi: daga na'urar bidiyo zuwa katin ɗaukar bidiyo na USB mai rawaya da ja da fari. A manhaja a zaɓi PAL, girman 720 da 576, firam 25, sauti 48,000 Hz, siffar hoto 4:3. Kada a shimfiɗa shi ya cika faffaɗan allo, fuskokin 'yan biki za su baje. In ana ganin gefen mutane kamar haƙoran mataji lokacin da suke motsi, a kunna Deinterlace. In farin layi yana yawo a ƙasa ko tsakiya, a daidaita Tracking a rimot.

Kaset mai alamar E-180 awa uku ne, kuma awa ukun zai ɗauka, babu gaggawa. A sa na'urar da laftof a kan UPS ko inbata, domin in wuta ta ɗauke zare yana naɗe a kan gangar da ke ɗauke da kawunan bidiyo, ciro shi yakan tauna shi. Maganar fumfuna da muka yi a amsar farko ta fi tsanani a nan: kaset ɗaya mai fumfuna yana toshe kawunan bidiyo cikin daƙiƙu, hoto ya koma yayyafi. A fara da kaset mafi ƙarancin muhimmanci don gwada na'urar, na bikin ya zo daga baya.

TAMBAYA: Muna naɗar tafsirin azumi a masallacinmu daga amfilifaya zuwa laftof. Akwai wani gurnani a ƙarƙashin murya, yana ƙaruwa in an tayar da janareta. Daga wani ɗan kwamitin masallaci a Alaba Rago.

AMSA: Allah Ya karɓi ibada, Malam. Wannan gurnanin wutar lantarki ce mai bugun 50 Hz ta shiga hanyar sauti, yawanci saboda na'urori biyu suna da ƙasa ta hanyoyi daban-daban, sai 'yar wuta ta riƙa bi ta rigar wayar sauti. Gwajin farko: ka zare cajar laftof ya koma batir. In gurnanin ya ɗauke, ka gano hanyarsa. Sai ka haɗa amfilifaya da laftof da duk abin da ke tsakaninsu a kan soket mai baki da yawa guda ɗaya. In da saura, ka sa ɗan akwatin nan mai taransifoma a ciki da ake kira giraun luf aisoleta tsakanin amfilifaya da katin sauti. Masu kayan rediyon mota suna sayar da mai ja da fari. Wayar sauti ta zama gajera, kada ta kwanta tare da wayar wuta; in dole su haɗu, su gitta juna. A gidaje, wayar da ta sauko daga dish tana yawan jawo wannan, a zare ta a gwada.

Abu ɗaya muke roƙo: kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani. Yana iya yin shiru, amma ran da wuta ta taɓa jikin amfilifaya, wanda ke riƙe da makirufo shi zai zama hanyarta. Naɗin da aka riga aka yi kuma, a Audacity a sa Notch Filter a 50, sannan 100 da 150, zai rage shi sosai ba tare da cin muryar malam ba.

TAMBAYA: Na naɗi bidiyon walimarmu daga faifan DVD ta PRE OUT. Kiɗa ya fito, amma maganar mutane ta yi nisa ƙwarai. Daga wani mai karatu a Ijora.

AMSA: Risibarka tana kan yanayin lasifika biyar, irin su Dolby Pro Logic, wanda yake kwashe duk abin da ke tsakiyar dama da hagu ya tura shi lasifikar tsakiya, kuma magana a can take zama. Kai kuwa dama da hagu kawai ka ɗauka. Ka danna STEREO kafin naɗi, ka sa lasifikan gaba a Large, sabwufa, wato lasifikar bas, a No, don kada a yanke bas a tura shi wani ramin. Tun da faifan naku ne, ba shi da makulli, mafi sauƙi ma shi ne ka sa shi a kwamfuta mai ɗaukar faifai ka kwafe babban fayil ɗin VIDEO_TS gaba ɗaya, hoto da sauti su fito yadda mai ɗaukar bidiyon ya ba ku.